Mutawakilu a Kujerar Kawu Fung

Duk wanda ya taɓa aika kaya gida daga siton Alhaji Ghali, can gefen Guangzhou ta wajen Baiyun, ya san Mutawakilu ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai furfura a gemu, wanda ke zura salatif uku a hannu kamar awarwaro. In kwalaye suka iso daga masana'antun Shiling cike da jakunkunan mata, shi ke aunawa, ya sa su a koren buhu, ya naɗe, ya rubuta lambar mai kaya a gefe uku da baƙin alƙalami. 'Yan Kantin Kwari har tsokanarsa suke, wai kwalin da Muta ya ɗaure ko teku ya faɗa sai ya iso Legas da kansa. Shekara goma sha bakwai ya yi yana kallon kayan da ya ɗaure suna fita zuwa tashar jiragen ruwa ta Huangpu, su hau jirgi su tafi. Shi kuwa duniyarsa ba ta wuce taku ɗari huɗu da goma daga ƙofar sito ba.

Ya ƙirga takun, ba sau ɗaya ba. Tamanin zuwa shagon Musulmin China masu taliyar hannu. Ɗari biyu zuwa wurin mai aski. Ɗari huɗu da goma zuwa ƙarƙashin gadar sama. Daga gadar kuma sai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda 'yan sanda kan tsayar da baƙo su ce ya nuna fasfo, shi kuwa bizar da ke cikin nasa ta mutu tun 2008.

A zangon Aboabo na Kumasi aka haife shi, ɗan wani mai sayar da goro da ake kira Malam Sulemana. A makarantar boko ya shiga badujala, aka ba shi turombon, dogon ƙahon ƙarfe da ake jan hannunsa ana turawa, don a cikin yaran hannunsa ya fi na kowa tsawo. Ya ƙware har masu kiɗan gari suka fara aiko masa. Uban ya ce shi dai ba zai ga ɗansa yana bin gidajen rawa da makokin mutane da ƙaho ba. Mutawakilu bai yi gardama ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya mayar da ƙahon makaranta, ya koma kasuwar Kejetiya sayar da jaka. Ya auri Balkissa, suka haifi 'ya guda, Ayishatu.

Ayishatu na da shekara huɗu ya taho China da bizar wata ɗaya. Jakunkunan da ya ba da a ɗinka suka fito da zif marar kyau, masana'antar ta ce za ta sake. Ya nemi ƙarin kwanaki aka ba shi, ya sake nema aka ba shi, a na uku aka ce ya tattara ya tafi. Jakar ba ta fito ba tukuna. Ya ce bari ya ƙara mako ɗaya, ba mai sani. Da makon ya wuce sai tsoron zuwa filin jirgi ya kama shi. Da shekara ta wuce kuma kunyar komawa hannu Rabbana ta fi tsoron ƙarfi.

Haka rayuwar ta yi ta tsukewa a hankali. Ba jirgin ƙasa, ba asibiti, ba layin waya da sunansa. Rabonsa da Juma'a a Masallacin Huaisheng tun 2014, lokacin da bincike ya yi tsanani. Lokacin korona wata bakwai ya yi a ɗan ɗakin saman sito bai taka ƙasa ba, ana miƙo masa abinci da igiya. Balkissa ta jira shekara shida ta nemi takardarta, ya aika mata, bai kuma taɓa faɗin wata magana marar daɗi a kanta ba. Ayishatu ta girma a cikin waya. Duk Juma'a takan kira shi.

Abin da ya riƙe shi bai zauce ba, a ƙarƙashin gadar nan yake.

Wata Lahadi a 2012 ya fito daga wurin aski sai ya ji busa. Ya bi sautin har iyakar inda yake iya zuwa. Tsofaffi shida ne zaune a kujerun naɗewa, ga filas na shayi a ƙasa, motoci na rugugi a saman kansu, suna kiɗan jaz irin na da can, wanda baƙaƙen Amurka suka fara shekara ɗari da suka wuce. A irin wannan kiɗa masu busa uku ke tafiya lokaci guda. Ƙaramin ƙaho na jan waƙa, baƙar sarewa na yawo a samansa, turombon kuma na ƙasa, duk inda ƙaramin ƙaho ya tsaya shan iska shi zai amsa masa. Mai turombon ɗin wani siririn tsoho ne, numfashinsa ba ya kai shi ƙarshen amsa. Mutawakilu na tsaye a jikin ginshiƙi, bai san hannunsa na dama na ja da turawa a iska ba sai da tsohon ya sauke ƙaho ya yafito shi.

Sunan tsohon Fung. Mutanen unguwa na kiran ƙungiyar Tsofaffin Gada. A 1985 suka kafa ta, su shida, duk ma'aikatan wani wurin gyaran jiragen ruwa. Ƙahon na uban Fung ne, wanda ya yi busa a gidajen rawa kafin zamani ya juya, ya ɓoye shi a cikin rufin ɗaki shekara ashirin da wani abu. Takardun kiɗan uban duk an ƙone su, abin da ya tsira sai wanda Fung ya haddace yana yaro. Shi ya sa ƙungiyar ba ta rubuta komai. Daga baki ne zuwa kunne.

Suna da wata al'ada kuma, wadda duk wanda ya ji sai ya yi dariya tukuna. Ba sa goge sunan mamaci. Kujeru shida ne, sunaye shida na 1985, wanda ya gaji kujera ya gaji sunan. Mai sarewarsu wata tsohuwar direbar bas ce, amma sunan wani namiji da ya mutu tun 1999 take amsawa. Cikin na asali, ban da Fung, biyu ne kawai suka rage, Kawu Ho mai ganga, da Goggo Leung mai kaɗa banjo, wata aba mai kama da gurmi. Ita ce shugaba, 'yar gajeruwa mai faɗa, ba ta rabuwa da laima.

Wata goma sha huɗu Kawu Fung ya yi yana koya masa. Daga baya ma ba ya iya busa ko kaɗan, sai dai ya zauna da robar iska a hanci, ya rera da baki yana buga gwiwa, in Mutawakilu ya kuskure ya ɗan zungure shi da sanda. A nan Mutawakilu ya koyi ɗan Kantonancin da yake ji, wato yaren garin, rabinsa zagi ne. Da tsohon ya rasu a ƙarshen 2013, Lahadin da ta biyo baya Goggo Leung ta nuna kujerar da laimarta ta ce, "Fung, zauna." Ya zauna. Ta miƙa masa ƙahon tsohon, ta ce na kujera ne. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa da wani suna a ƙarƙashin gadar. "Fung, ka shiga da wuri." "Fung, kana nishi kamar saniyar ruwa." Da suka lura yakan zame ya yi la'asar a kan kwali a bayan ginshiƙi, sai suka mayar da hutun shayinsu lokacin, suna matsar da shi gaba da baya yadda rana ke matsawa, ba tare da kowa ya ce komai ba.

'Yan kasuwa kaɗan ne suka san da wannan. Ya san abin da wasu za su ce, dattijo da gemu yana busa. Wadda ta sani tun farko ita ce Hasiya, wata 'yar Fagge mai takardun zama, wadda ke dafa tuwo da miyar kuka tana kai wa masu sito a kula kullum da azahar. Ba ta raga masa.

"Malam Muta, yau ma za a je a tayar wa motoci hankali?"

"Hajiya, kiɗa ne na manya. Ba ki da kunnensa."

"Ina da kunne. Shi ya sa nake tausayin gadar."

Shekara goma sha biyu aka yi haka. Sai wata Laraba da hantsi, cikin Oktoban bana, ga Goggo Leung a ƙofar sito. Ba ta taɓa zuwa ba. Mutawakilu na tsugune kan wani kwali da salatif a baki, da ya gan ta sai ya miƙe.

"Fung," ta ce, "na yi wauta."

Ya jawo mata kwali ta zauna. Ta ce ofishin al'adu na gunduma ya ba su babban zaure, mai kujera ɗari uku, don bikin cikarsu shekara arba'in, nan da mako uku. Tunda suke ba su taɓa busa a wuri mai labule da fitilu ba. Ofishin ya nemi sunayen masu hawa dandamali da lambar katin shaidarsu. Ita kuwa ta rubuta abin da take rubuta wa kwamitin unguwa duk shekara, wanda ba a taɓa dubawa ba, sunaye shida na 1985, da lambobinsu daga tsohon littafinta.

"Yarinyar ta danna a kwamfuta, ta ɗago ta ce, 'Goggo, huɗu daga cikin makaɗanki sun mutu.' Na ce na sani, ai ni na raka su."

Ta yi 'yar dariya, shi bai yi ba. Sauran ukun, in ji ta, sun kai katunansu an gyara. Za a buga sunan kowane mamaci a takardar biki, kusa da sunan wanda ya gaje shi.

"Saura kai. Sun ce baƙo ma ba komai, ya zo da fasfonsa kawai."

Ya cire salatif daga hannu ya ajiye. Shekara goma sha uku bai taɓa faɗa musu ba. Yanzu kuma kalmomin Kantonancin duk sun gudu.

"Goggo, fasfona..."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka gayyace mu ɗaurin aure a Foshan ka ce cikinka na ciwo. Aka gayyace mu Shenzhen, cikinka ya sake ciwo. Daga nan muka daina karɓar gayyata. Ka zaci tsufa ne ya hana mu?"

Bai taɓa tunanin haka ba. Ya kalli ƙasa.

Ta ce hanya biyu ce. Ko ta ce wa ofishin sun fasa, ko ta sa hannu cewa su biyar ne, kujerar Fung ba ta da magaji tun da ya mutu. Ta ce ita ta fi son ta fasa. Amma ta faɗa tana kallon laimarta, shi kuma ya san Kawu Ho, mai shekara tamanin da ɗaya, ya riga ya gaya wa jikokinsa, har sabon takalmi ya saya.

"Ki rubuta biyar," ya ce.

"In sa hannu cewa ba ka nan?"

"Ai ba na nan, Goggo. Ki duba kwamfutarsu."

Ta tashi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce masa tsohon jaki, ta buɗe laima ta tafi.

Da Hasiya ta kawo tuwo da azahar ya ba ta labari. Ya ƙare da cewa yana tunanin ya ɗauki fasfon ya je ofishin haka nan, ko Allah zai sa a dace.

Ta ajiye kula da ƙarfi. "Ka je ka ce musu me? Ga ni, shekara goma sha bakwai ina ɓoye, a ba ni dandamali? Rufe ka za su yi, Malam Muta. Ba ka busa ba, ba ka zauna ba."

"Na sani."

"To in ka sani ka ci tuwonka."

Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai. In ya je ba zai busa ba, in bai je ba ba zai busa ba. Ya juya maganar ta kowace fuska yana naɗe kwalaye, bai ga ƙofa ba.

Ranar bikin Asabar ce, ƙarfe uku na rana. Hasiya ta yi kwalliya da mayafi mai duwatsu, tana mita wai ita da ba ta son kiɗan an sa ta aikin ɗaukar hoto, ta tafi zauren da wayarta. Shi ya hau ɗakin saman sito, ya rufe taga, ya jingina wayarsa da buta, ya haɗa ƙahon. Dabararsa ita ce ya bi su daga nan. Ga su ƙanana a fuskar waya, su biyar cikin fararen riguna, Goggo Leung ta buga ƙafa sau huɗu suka tashi.

Bai yiwu ba. Hoton na tsayawa yana tafiya, sautin na zuwa a makare. Ya amsa wa ƙaramin ƙaho, ashe su sun riga sun wuce. Ya sake gwadawa, hoton ya daskare da bakin Kawu Ho a buɗe. Ya sauke ƙahon ya ɗora a cinya.

Sai a lokacin ya ji abin da suke yi. Duk inda turombon zai amsa, ba wanda ya cike masa. Mai sarewa za ta iya, mai babban ƙahonsu mai kaurin murya ma zai iya, amma sun bar wurin fayau. Ƙaramin ƙaho ya yi tambaya, sai shiru na bugu huɗu, Kawu Ho na shafa ganga a hankali yana ƙirgawa, sannan su ci gaba. Da farko wani ya yi dariya a cikin zauren, ya zaci mantuwa ce ta tsofaffi. Zuwa waƙa ta uku ba mai tari ma. Mutawakilu ya san kowane rami, ya san abin da ke shiga cikinsa, ya san ranar da Kawu Fung ya zungure shi a kansa. Awa ɗaya da rabi yana zaune a ɗaki mai zafi, leɓensa na motsi, yana jin wurinsa ba kowa.

Muryar Hasiya ta fito daga wayar ƙasa-ƙasa. "Malam Muta, kana nan? Wata mata a gefena tana kuka. Ni ma ban san me ya shiga idona ba."

Bikin ya yi kyau fiye da yadda kowa ya zata, kuma wannan ne ya ƙarasa rufe wa Mutawakilu ƙofa. Wani ya sa hoton a intanet, da labarin tsofaffin da ke amsa sunan matattu, suna barin gurbi ga abokinsu da bai samu magaji ba. Mutanen gari da suka shekara arba'in suna wucewa ta saman gadar suka gano akwai abu a ƙasanta. Lahadin da ta biyo baya mutum ya fi ɗari biyu, kowa da waya a sama, har aka turo 'yan sanda biyu su tsare hanya. Tun da safe Goggo Leung ta aiko masa da saƙo: kada ka zo.

Bai je ba. Ya taka har wurin mai aski, ya zauna a benci kamar mai jiran layi. Daga nan gangar Kawu Ho kawai ake ji, sai tafi. Lahadi ta biyu ma haka, mutanen sun ƙaru. Mai askin ya tambaye shi ko yana son aski ne, ya ce a'a, ya tashi ya koma. A hanya ya gane ba jiran wucewar abin yake ba, don ba zai wuce ba. Mutane sun ga tsofaffin, sun so su, kuma sun cancanci a so su. Wurin da ya rage masa a duniya ya zama wurin da ya fi kowane haɗari a gare shi.

Ran Juma'a Ayishatu ta kira. Ta gama karatun jinya bara, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Asawase, can Kumasi. Suka gaisa yadda suka saba, ta ba shi labarin ruwan sama da ya cinye musu kwata. Can ya ce, "Ayisha, in mutum ya dawo ba shi da komai fa?"

Ta ce, "Wane mutum, Baba?"

"Wani ne."

"To ka gaya wa wanin akwai ɗaki a gidan Kaka. Yana yoyo ta gefe ɗaya, amma ɗaki ne." Ta ɗan tsaya. "Ni fa ban san tsayinka ba. Ana ce mini kai na biyo."

Lahadi ta uku, bayan azahar, ya ciro farar rigar da rabonsa da ita tun Juma'arsa ta ƙarshe a Huaisheng. Layin ninki ya zauna mata, guga bai fitar ba. Ya sa fasfo a aljihun gaba, ya ɗauki akwatin ƙaho. Hasiya na bakin sito da kulolinta, ta dube shi sama da ƙasa. Ta bar kulolin a nan ta bi bayansa.

Jama'a suka dare da suka ga dogon baƙin mutum da akwati. Wayoyi suka juyo kansa kamar an ba su umarni. Shekara goma sha bakwai yana kauce wa idon kyamara, ga su ɗaruruwa a fuskarsa. Goggo Leung ta daina kaɗawa, sauran suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

"Mahaukaci," ta ce a hankali. "Ba ka ga saƙona ba?"

"Kullum kina cewa ina shiga da wuri. Yau na makara mako uku, ki yi haƙuri."

Kawu Ho ya riga ya tashi yana buɗe kujera ta shida, wadda ashe duk Lahadi yake zuwa da ita a bayan kekensa. Goggo Leung ta dubi 'yan sandan da ke bakin hanya, ta dubi aljihun rigarsa inda fasfon ya turo, ta gane.

"Wane suna zan gaya musu?"

Ya faɗa mata. Ta maimaita sau biyu a ƙasan maƙoshi, ta juya ga jama'a, ta ɗaga murya. Ta ce a bikin zaure ta yi ƙarya, kujerar Fung tana da magaji tun shekara goma sha biyu, mutumin Ghana ne, sunansa Mutawakilu Sulemana. Sunan ya fito a karkace daga bakinta, amma ya fito duka. Ta buga ƙafa sau huɗu.

Waɗanda ke wurin sun ce amsarsa ta farko ta fito da rawar murya, iska ta fi sauti yawa. Ta biyu ta zauna. Daga nan ya manta da wayoyin. Ƙaramin ƙaho ya tambaya ya amsa, ya ja hannun ƙahon har ƙarshe ya dawo da shi da gurnani, rufin gadar ya maido masa da sautin. Mai sarewa na busa tana dariya har ta sarƙe. Da lokacin la'asar ya yi, Goggo Leung ta ɗaga hannu aka buɗe filas, shi ya zagaya bayan ginshiƙi ya shimfiɗa kwalinsa, mutane ɗari uku na tsaye suna jiransa ba su san me ake jira ba. Ya idar ya dawo suka yi waƙa bakwai.

Ya ɗauka a nan za a kama shi, ya ma shirya yadda zai miƙa hannu. 'Yan sandan ba su matso ba. Aikinsu tsare hanya ne, suka tsare, da aka watse suka tafi. Ya goge ƙahon, ya kwance, ya sa a akwati, ya ajiye a gaban Goggo Leung. Ta ce ba ta karɓa ba. Ya ce na kujera ne, ita ta gaya masa haka. Ya koma sito hannunsa ba komai, har ya isa yana jin kamar ya manta wani abu.

Kafin gari ya waye hotonsa ya zagaya wayoyi, da sunansa, da gadar. Litinin da safe Alhaji Ghali da Hasiya suka raka shi ofishin shige da fice. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa bai san yadda ake wuce ƙofa ba, sai da Hasiya ta ja hannun rigarsa. A cikin jirgin ya yi ta kallon taswirar tashoshi, yana karanta sunayen unguwannin da ya shekara goma sha bakwai yana gani a jikin kwali. A ofishin ya ajiye fasfon a kan tebur. Matashin jami'in ya buɗe, ya duba shekarar, ya sake dubawa, ya kira wani babba.

Yau mako huɗu ke nan yana tsare, ana jiran sabuwar takardar tafiya, don shi kansa fasfon ya mutu tuntuni. Ba wanda ya san ranar jirgi. Sau ɗaya aka bar Hasiya ta gan shi, ta bayan gilashi, minti goma. Ta ce ya rame, an aske masa gemu, sai ta ga kamar wani ne. Ya tambaye ta Ayishatu, ta ce kullum sai ta kira ta, har ta sa an gyara rufin ɗakin. Ya ce sun gaya masa in ya fita ba zai sake shigowa ƙasar ba sai bayan shekara biyar.

Ya ƙirga a yatsunsa. "Kawu Ho zai cika tamanin da shida."

"Tsohon nan ya fi ka ƙarfi. Keke fa yake hawa."

Ya ɗan yi murmushi. Ya tambaya ko suna fita Lahadi, ta ce suna fita, mutane ma sun fi da. Ya tambaya wa ke amsawa. Ta ce ba kowa, sun koma barin wurin shiru.

"Ki gaya wa Goggo ta nemi wani. Garin nan cike yake da masu busa. Ki ce ni na ce shirun ya isa haka."

"Ni ce 'yar aikenka yanzu?"

"Hajiya, don Allah."

Mai gadi ya taɓa kafaɗarsa ya tashi. Hasiya ta fito, ta hau jirgi ta koma, ta ɗora tukunya. Lahadi biyu ke nan tana zuwa ƙarƙashin gadar, ta tsaya a bayan jama'a da mayafinta, ta ji har a tashi, ta gaisa da Goggo Leung da hannu. Har yau ba ta isar da saƙon ba.